Inda Tayoyin Raili Za Su Kwana

Waɗanda suka rubuto mini bayan kashin da ya wuce suna cewa in je in faɗa mata kawai, na gani, na gode. Ba ku san ni ba ne. Ni Aulis Tervo, shekarata hamsin da huɗu, tun ina sha biyar nake yankan katako a dajin Kainuu na ƙasar Finland, kuma ban taɓa buɗe baki na ce wa mace ina sonta ba. Har wadda na aura, ta yi shekara goma sha ɗaya da ni kafin ta tattara ta koma kudu. Ta ce zama da ni kamar zama da firij ne, sai dai shi firij yakan ɗan yi gurnani. Ban yi mata musu ba.

Don wanda yau ya fara karantawa, akwai wata mata, Raili. Ita ke dafa abinci a makarantar garinmu. Mijinta ya rasu shekara bakwai ke nan, tana zaune da mahaifiyarta Hilja a gida mai jan fenti bayan coci. Shekara shida ni nake canza mata taya. Idan sanyi ya kawo kai in ɗaura mata masu ƙusa, idan ƙanƙara ta narke in mayar mata da na rani. Waɗanda aka cire kuma a rumfata suke kwana, a kan katako, gefen nawa, na lulluɓe su da tsohon bargo. Bayan sati guda in koma da sifana in ƙara ɗaure notin, don sabuwar ɗaurawa takan saki idan ta yi tafiya. Ta dafa gahawa, ta yanko burodi mai kirfa. Mu zauna. Ta ce, “An yi sanyi.” In ce, “An yi.” Sau huɗu ke nan a shekara.

Duk garin nan an san abin da ake nufi idan tayoyin mace suna kwana a rumfar namiji. Ni a ganina na gama magana tuntuni.

To, ran wata Talata a tsakiyar Oktoba na tsaya a kanti sayen madara, sai ga farar motarta a fake. Ni idan na ga mota ƙasa nake fara kallo. Na kalla. Sababbin tayoyin sanyi ne guda huɗu, baƙi wuluk, ƙusoshin suna ƙyalli, ko laka ba ta gama shiga zanensu ba. A bakin iskar kowace taya kuma ga ɗan murfi ruwan ɗorawa.

Mutum ɗaya ne a faɗin gundumar nan yake sa murfi ruwan ɗorawa. Pentti Moilanen.

Ajinmu ɗaya da shi kafin in bar makaranta. Shi ke da shagon taya na bakin mararraba, kuma babu wani sai ka yi kilomita ɗari da goma zuwa Kajaani. Yana rina gashi. Yana ɗaura ɗan mayafin siliki a wuya, a cikin gareji fa. Duk Asabar yana gidan rawa, matan da mazansu suka mutu suna bin layi ya juya su. A bayan shagon ya gina wani dogon sito da kantoci har rufi, inda yake ajiye wa mutane tayoyinsu, kowanne da sunansa a kati, yana kiran wurin otal ɗin taya. Otal. Na tsaya da kwalin madara a hannu ina tunanin tayoyin ranin Raili, waɗanda na wanke da hannuna, na rubuta wa kowace gurbinta da alli, yanzu suna kwance a otal ɗin Moilanen.

Ban koma ciki neman ta ba. Na koma gida.

Da yamma wayata ta yi ƙara, saƙon Raili ne. “Kana gida?”

Ina zaune a kicin, safar ulun da ta saƙa mini bara tana ƙafata, mai toka da jan layi biyu. Na rubuta, “A’a.” Bayan minti goma na ga motarta ta rage gudu a ƙofar gidana. Motata tana tsakar gida, hayaƙi yana tashi ta bututun murhu. Ta ɗan tsaya, ta wuce.

Ran Juma’a ta sake. “Yau fa?”

“Ina daji.”

Ran Litinin ba ta yi tambaya ba. Ta rubuto, “To.” Kalma ɗaya da ɗigo. Na yi kwana biyu ina buɗe wayar ina kallon wannan “To” ɗin kamar zai ƙara tsawo.

Ran Laraba yayata Aila ta zo ba sanarwa, kamar kullum. Ta girme ni da shekara bakwai, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ta ɗauka gadona aka ba ta. Kafin ta shigo sai da ta zagaya motata ta sunkuya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta dire tukunyar miyar kifi a kan murhu, ko rigar sanyinta ba ta tuɓe ba.

“Har yanzu kana kan tayar rani.”

“Akwai lokaci.”

“Gobe za a yi dusar ƙanƙara. Rediyo ya faɗa, gwiwata ma ta faɗa.”

“Ta farko ba ta zama.”

“Aulis, kai da kake canza wa rabin unguwa taya tun ganye bai gama zuba ba?”

“Mutum ɗaya nake canza wa.”

“Ai shi ya sa na zo.” Ta ja kujera ta zauna. “Kowa ya ga ruwan ɗorawan nan. A coci ma an yi zancen. Me ka yi mata?”

“Ni zan yi mata? Ita ta je.”

“Ka tambaye ta dalili?”

“Me zan tambaya? Ina da ido.”

“Ido kam kana da shi. Baki ne aka manta ba a sa maka ba.” Ta zuba mini miya ba tare da na nema ba. “Moilanen ya kai wa tsohuwa Hilja kifi mai hayaƙi sau biyu a watan nan. Ya gyara mata keken dogarawarta. Yana ce mata sarauniya. Kai shekara shida me ka taɓa ce mata?”

“Ina gaishe ta.”

“Da ka.”

Ta tafi ta bar ni da miyar. Tana fita saƙo ya shigo, dogo a ma’aunin Raili:

“Bikin cikar Mama tamanin ran Asabar ne, ka tuna. Ta ce ba za ta shiga motar da ke kan tayar rani ba. Pentti ya ce zai kai mu idan ba ka canza ba.”

Tun bazara aka tsayar cewa ni zan kai su. A ƙauyen da aka haifi tsohuwar za a yi, kilomita saba’in, hanyar daji da kwana-kwana, kuma Raili ba ta son tuƙi mai nisa da uwarta a mota. Amma ba wannan ne ya tsaya mini ba. Pentti. Shekara shida idan zancensa ya taso Moilanen take cewa, kamar kowa. Yanzu ya zama Pentti.

Na ɗauki fitila na nufi rumfa. A nan sai na faɗa muku abin da ban faɗa a kashin baya ba, tunda na ce gaskiya zan rubuta.

Yadda muke auna taya, kwandalar yuro biyu ake tsomawa a cikin zanen. Idan farin bakin kwandalar ya ɓuya, taya tana da sauran rai. Idan ya leƙo, ta gama. A watan Afrilu da na cire wa Raili tayoyin sanyinta na tsoma kwandala, farin ya leƙo sarai. Rabin ƙusoshin sun zube. Tana tsaye a kaina da kofin gahawa ta ce, “Yaya, Aulis?” Na san idan na ce sun mutu, wuri ɗaya za ta je. Na hango ta zaune a kujerar shagon can, shi kuma yana gyara mayafinsa. Sai na mayar da kwandalar aljihu na ce, “Za su ƙara shekara.”

Na faɗa. Ku zage ni a ƙasa, akwai wurin rubutu.

Nawa tayoyin kuma sa’annin nata ne. Na yaye bargon na auna. Farin ya leƙo a duka huɗun, ɗaya har ta tsage a gefe. Ɗaura su da barin na ranin kusan duk ɗaya ne. Abin da ya rage mini uku: in tuƙa zuwa Kajaani a kan tayar rani, in shiga shagon Moilanen da ƙafata, ko in zauna yadda nake in ce dusar ba za ta zauna ba. Na zaɓi na ukun. Na ce wa kaina shekara talatin da biyar ina tuƙi a hanyoyin nan, hannu ne yake tuƙi ba roba ba.

Alhamis da safe na ɗaga labule, duniya ta yi fari fat. Ma’aunin da ke jikin taga ya nuna huɗu ƙasa da sifiri. An yi yayyafi kafin dusar ta sauka, ma’ana akwai ƙanƙara kwance a ƙarƙashi. Na san haka. Na sa hula na tayar da mota.

A hankali nake tafiya, giya ta biyu. Na wuce gidan sayar da mai ba matsala. Na gangaro ta gaban coci, inda hanya take ɗan sunkuyawa zuwa wurin tsallakawar masu ƙafa. Sai ga mutum a tsakiyar titi, cikin doguwar riga ruwan toka da jar hular ulu, tana tura keken dogarawa taku ɗaya-ɗaya. Hilja ce, za ta kantin magani.

Na taka birki. Babu abin da ya faru.

Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Ƙafarka tana ƙasa, sitiyari yana hannunka, motar kuma ta daina sanin ka. Ba gudu nake ba, mai tafiya da sauri zai wuce ni. Amma tafiya take, a karkace, shiru, kai tsaye wajen tsohuwar. Na murɗa sitiyari, ko gezau. Na danna ham. Ta tsaya cak ta juyo. Muka haɗa ido ta gilashi. Na ga hannunta a kan keken, na ga ’yar jakarta tana lilo. Gefen motar ya shafi iska a gabanta, tazarar da ba ta kai tsawon hannuna ba, sannan na je na daki tudun bakin hanya na tsaya.

Na fito. Ita ko launin fuskarta bai canza ba. Ta turo kekenta har inda nake, ta sunkuya ta leƙa tayar gaba, ta ɗago.

“Aulis Tervo.”

“Hilja, ba ki ji ciwo ba?”

“Saura kwana biyu in cika tamanin. An riga an yi odar kek.” Ta gyara hularta. “Idan kashe ni za ka yi, ka bari sai Lahadi.”

“Ban yi zaton…”

“Na san ubanka. Shi ma haka yake, sai da doki ya take shi ya yarda doki yana da nauyi.” Ta juya kekenta. “Ba zan faɗa wa Raili ba. Kai za ka faɗa mata.”

Na zauna a motar na fi minti goma. Abin da ya dinga dawo mini ba tsohuwar ba ce kaɗai. Da Raili ta ji maganata ta Afrilu, yau ita ce a kan wannan gangaren da tayoyin da na ce za su ƙara shekara. Na juya kan mota, ina rarrafe a gefen hanya, na nufi mararraba.

Ranar dusar farko kowa ya san yadda shagon taya yake. Layi har titi. Duk masu cewa akwai lokaci sun hallara, kowa yana kallon takalminsa. Ina fitowa wani direban motar katako da muka yi aiki tare ya hango ni.

“Kai, Tervo ne wannan? Jama’a, a duba ko rana ta fito ta yamma.”

“Ya zo duba masu masauki a otal,” in ji wani. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na wuce su. Na karɓi lamba, awa uku aka ce. Da na ga hankalin kowa ya koma kan gahawar kyauta, sai na zame ta ƙofar baya na shiga siton. Na bi kantocin ɗaya bayan ɗaya. Ba kati nake karantawa ba, allina nake nema, don a kowace tayarta nakan rubuta gurbinta in ja layi biyu a ƙasa. Na kai ƙarshe na dawo. Na sake bi.

“Ba sa nan.”

Moilanen ne a bakin ƙofa, yana goge hannu da tsumma. Mayafin yau shuɗi ne.

“Me ba ya nan?”

“Haba Tervo. Tun muna aji uku ba ka iya ƙarya ba.” Ya jingina da ƙofar. “Na ce ta bar su kyauta. Na nuna mata kanta na sama, wurin da ba danshi. Ta ce a’a, a sa mata a bayan mota, suna da inda suke kwana. Ni da kaina na kwantar da kujerun baya na jera su.”

Na juya na sake kallon kantocin.

“Kwana tara ke nan tana yawo da su. Jiya na gan ta a gidan mai, suna nan. Ka ga motar kuwa?”

“Na gani.”

“Ƙasa ka kalla.” Ya girgiza kai. “Ka san da me ta zo nan? Da kwandala a hannu. Ta ce ta shiga rumfar wani ta auna da kanta, tana so in gaya mata ko ita ce ba ta iya ba. Na ce wa ya ce miki za su ƙara shekara? Ta ƙi faɗa. Na ce ko wane ne, ko bai iya awo ba, ko bai damu ki kai bazara ba.”

Da wani ne ya faɗa da na shaƙe shi da mayafin. Amma gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi ciwo.

“Bari in gaya maka don kada ka ji a bakin wani,” ya ce. “Na tambaye ta ko za ta aure ni. Da baki, da kalmomi, yadda mutane suke yi. Ta ce in bari a gama bikin uwarta. Ran Asabar zan ji amsa. Tayoyin nan ko su sauka a rumfarka ko su hau kantana, ba za su shekara a mota ba.” Ya jefa tsumman a kafaɗa. “Masu ƙusa kake so ko marasa ƙusa?”

“Masu ƙusa.”

“Na sani. Kai komai naka sai ya yi ƙara a titi, ban da bakinka.”

Ya ɗaura su da kansa, kuma aikinsa ba laifi, wannan ma ya ba ni haushi. Ina fita na tsaya bayan gidan mai, na kwance murafunsa ruwan ɗorawa guda huɗu na zuba a kwandon shara, na mayar da nawa baƙaƙe.

Ran Juma’a na rubuta wa Raili saƙo sau bakwai na goge. Abin da ya tafi a ƙarshe shi ne, “Na canza.” Ta amsa, “Ƙarfe tara.”

Asabar tun takwas da rabi ina ƙofar jan gidan. Na sa baƙar kwat ɗin da nake zuwa jana’iza da ita, maɓallin tsakiya ya daina kaiwa, da farar riga da Aila ta goge, da safar nan mai jan layi. Ban ƙwanƙwasa ba. Na ɗauko sifana na shimfiɗa buhu a kan dusa, na durƙusa gaban motarta. Kwana goma sha ɗaya da ɗaurawa, babu wanda ya ƙara ɗaure su. Noti biyu na baya suka ɗan juya. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun a kanti, na ɗaga kai na leƙa ta gilashi. Ga su nan su huɗu, allina a jiki, layi biyu a ƙasa.

“Ba ka daji yau?”

Raili ce tsaye a kan matakala. Riga shuɗiya mai duhu har ƙasan gwiwa, da ’yar allurar azurfa a ƙirji, gashin nan da kullum yake cikin hular kicin yau an sake shi ya sauko kafaɗa. A ƙafarta kuma takalmin roba na shiga dusa. Ban taɓa ganin ta haka ba, sai na ji haushin duk wanda zai gan ta yau.

“Biyu sun saki,” na ce.

“Na san za su saki. Ina jira ne in ga wa zai zo.” Ta sauko ta buɗe bayan motar. “Mama ta ce kana da labari.”

Na miƙe. Na faɗa mata na gangaren coci, ban rage komai ba. Ta saurara hannunta a naɗe.

“Sai na Afrilu,” ta ce.

“Na auna. Na ga sun mutu.”

“Na sani. Ina tsaye a kanka, na ga farin kwandalar. Na ce bari in ga ko zai gyara maganarsa kafin sanyi. Wata shida, Aulis.”

“Ban so ki je wurinsa ba.”

“Don me?”

Na kalli tayoyin. Na miƙa hannu na rungumo ta farko na kai bayan motata. Na dawo na ɗauki ta biyu. Da na zo ta uku sai ta ɗora tafin hannunta a kai.

“Shekara shida kana zuwa gidan nan kana hira da ƙafafun motata. Na tambaye ka, don me?”

“Rumfata tana ɗaukar taya takwas.”

“Na ga rumfar.”

“Gidan ma… akwai wuri.”

“Wurin taya?”

“Raili.”

Ta dube ni, bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi dariya, amma ba ta ɗauke hannun ba. “Biyu ka samu da wannan. Sauran biyun suna nan sai na ji magana irin ta mutane. Pentti bai yi minti ɗaya ba ya faɗi tasa.” Ta rufe bayan motar ta murɗa makulli.

Kamar an kira shi, sai ga doguwar motarsa ta shigo layin, an wanke ta tana sheƙi. Ya fito da furanni dami biyu, ɗaya na tsohuwa, ɗayan bai ce na wa ba. Ya ce ya biyo ne ko akwai kayan da zai taimaka da su. Hilja ta fito cikin baƙar riga da farin leshi a wuya. Ta karɓi furen, ta turo kekenta wajen motata, ta duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da ƙwanƙwasa ta gaba da ƙafa.

Sannan aka fara fito da kaya. Tukwane uku, farantan burodi, da kek mai hawa biyu wanda sai an riƙe shi a cinya. Na buɗe bayan motata, sai na tsaya. Tayoyi biyu sun cinye wurin. Keken tsohuwa kuma kujerar baya zai hau.

“A sauke tayoyin mana,” in ji Moilanen. “Ko a sa su a tawa.”

“Ba inda za su,” na ce.

“To shi ke nan,” in ji Hilja. “Kaya su shiga ta Moilanen. Raili, ki bi kek ɗinki ki riƙe. Ni da Tervo.”

Da hannuna na jawo wa kaina. Ina tsaye ina kallo ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ɗora mata kek a cinya, ya sunkuya ya ja mata bel. Ya daɗe a sunkuyen nan fiye da yadda bel yake buƙata.

Muka kama hanya, su a gaba mu a baya. Ƙusoshin suna ƙara a kan ƙanƙara, motar tana bin hannuna yadda ya kamata. Ta gilashinsu na baya ina hango kawuna biyu. Nasa yana ta juyawa wajenta, yana magana, yana magana. Sau ɗaya na ga kanta ya koma baya kamar mai dariya. Na matse sitiyari har yatsuna suka yi fari.

“Idan ka karya shi da ƙafa za mu ƙarasa,” in ji Hilja. Ta gyara furen a cinyarta. “Moilanen yana kawo mini kifi. Ina son kifi. Amma ’yata ba kifi take jira ba, kwana goma sha ɗaya tana kai ni asibiti ina zaune da taya a ƙeya. Gwada a kaina.”

“In gwada me?”

“Abin da za ka faɗa mata. Kunnena na hagu ya mutu, sai ka ɗaga murya.”

Muka ƙara kilomita biyar. Daji ta ko’ina, fari, babu mota sai mu. Sannan na faɗa, a hankali, ina kallon hanya.

“Ban ji ba.”

Na sake.

“Da injin kake magana?”

Karo na uku na faɗa da muryar da nake kiran mutum da ita a daji idan itace zai faɗo. Kalma uku ne kacal. Motar ta cika da su. Ban mutu ba.

“To,” in ji ta. “Ashe yana aiki.”

Daidai nan siginar motar gaba ta fara ƙiftawa. Babu mararraba a wurin, babu gida, sai ɗan filin tsayawa a bakin tafki inda masoya suke zuwa kallon ruwa da bazara. Saura kilomita talatin a isa, shi kuma ya ce sai an gama biki. Ya ratse ya tsaya. Na ga ya kashe mota ya juyo gaba ɗaya wajenta.

Na taka birki. Tayoyin suka kama, motar ta tsaya daidai inda na ce ta tsaya, taku biyar a bayansu.

Hilja ta miƙo hannu ta cire mini bel.

“Sauka,” ta ce. “Kuma ka bar sifanar a nan.”